Amsa: wasan Ring of Fire ga wanda ba ya shan giya

Ɗan'uwa, ka ce abokan karatunka a Ingila suna gayyatarka wasan karta da suke kira Ring of Fire, kai kuma ba ka shan giya, kana tambaya ko za ka iya zama da lemonka a hannu.

Ga yadda ake yinsa. Ana kifa karta 52 kewaye da wani babban kofi a tsakiyar tebur, kowa ya ja ɗaya bi da bi. Kowace karta da dokarta: wata kai za ka sha, wata ka nuna wanda zai sha. Matsalar tana wajen sarki. Duk wanda ya ja sarki zai tsiyaya kaɗan daga abin shansa cikin kofin tsakiya, wanda ya ja sarki na huɗu kuwa shi zai shanye haɗin gaba ɗaya. To ka ga ko lemo kake sha, kofin nan ya riga ya gauraye da giyar wasu, kuma idan ya faɗo kanka za su yi ta matsa maka. Gaskiya ban ba ka shawarar zama ba.

Idan zumuncin kake so, kai ka gayyace su, ka fito da Whot ɗinmu na gida. Asalinsa ma daga Ingila ne, tun shekarun 1930, amma a Najeriya ya fi karɓuwa. Wanda aka cinye ya dafa shayi ko ya wanke kwanuka.

Sai dai don Allah kada ku mayar da hukuncin ɗura ruwa kofi bayan kofi. Ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci yana rage gishirin jini, yana iya kai mutum asibiti.