Amsa: Shin fina-finan wariyar launin fata a Amurka suna nuna gaskiya?

Malam, ka tambaya ko yadda fina-finai ke nuna wariyar launin fata a zamanin su Martin Luther King haka abin yake. To a ganina rabi da rabi ne.

Wajen kaya da motoci da allunan nan na "farare kaɗai" a famfon ruwa, wallahi suna ƙoƙari. Dukan da ƴan sanda suka yi wa masu tattakin neman haƙƙin zaɓen baƙar fata a gadar Edmund Pettus da ke garin Selma ranar 7 ga Maris 1965 ma fim ɗin Selma ya nuna shi har tsigar jikinka ta tashi.

Inda suke ban haushi shi ne sai su ɗora komai kan mugun bature guda ɗaya, alhali doka ce ta jihohin kudancin ƙasar, makaranta daban, asibiti daban, har maƙabarta. Kuma a ce wai Rosa Parks gajiya ce kawai ta hana ta tashi ta ba bature kujerarta a bas a 1955, haba, matar nan sakatariyar NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, ce a birnin Montgomery, kuma bayan an kama ta baƙar fata sun ƙaurace wa shiga bas, sun yi kwana 381 suna takawa a ƙafa. Arewacin ƙasar kuwa ba a cika nunawa ba, alhali a Chicago aka jefi King da dutse a 1966.