Hyperion: Labari Ɗaya Ne Ko Tarin Labarai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na karanta Hyperion na Dan Simmons amma na rasa gane kansa. Kowane matafiyi da nasa labarin, kuma littafin ya ƙare ba a warware komai ba. Gajerun labarai ne aka ɗinke wuri guda?

Amsa: Wa alaikumus salam. Labari ɗaya ne, ɗan'uwa, sai dai an raba shi a bakin mutum shida.

Simmons ya fitar da littafin a 1989, ya kuma ci kyautar Hugo, wadda ake ba littattafan ƙagaggun labaran kimiyya, a 1990. Tsarin ya aro shi ne daga Chaucer na Ingila, wanda a ƙarshen ƙarni na 14 ya rubuta labarin masu ziyarar Canterbury suna rage hanya da hira. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: wanda ya karanta Magana Jari Ce ya san yadda aku ke jero labari a cikin labari. Amma labaran aku kana iya tsallake ɗaya ba ka yi asarar komai ba. Na Simmons ba haka suke ba.

Mutum bakwai aka zaɓa su je duniyar Hyperion, wurin wasu kaburbura da lokaci ke tafiya da baya a cikinsu, inda Shrike yake, wani dodon ƙarfe mai hannu huɗu da ƙayoyi a jiki. Ga yaƙi na ƙaratowa. Sai suka yi ƙuri'a kowa ya faɗi abin da ya haɗa shi da wurin, ko a gano yadda za a tsira. Ke nan kowane labari shaida ce a kan abu guda. Na limamin Kirista ya zo a matsayin littafin ajiye tarihin yau da kullum na wani limami, na Kassad soja labarin yaƙi ne, na Brawne Lamia kuwa binciken kisan kai. Ta haka marubucin ya nuna mana daularsu, siyasarta da na'urorinta masu tunani, ba tare da ya tsaya yi mana lacca ba. Matafiyi na bakwai, Het Masteen, ya ɓace kafin layi ya zo kansa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Sol Weintraub. 'Yarsa Rachel ta kamu da wata cuta a kaburburan, shekarunta suka koma suna raguwa, kullum ta farka ta manta jiya da wani yanki na rayuwarta, har ta koma jaririya a hannunsa. Shi kuma ana ta umartarsa a mafarki ya miƙa ta hadaya, kamar jarrabawar Annabi Ibrahim. Sake karanta wannan a tsanake. A ganina nan ne littafin ya fi nauyi.

Batun ƙarshe kuwa, kana da gaskiya. An tsaya ne matafiyan na dosar kaburburan, domin rabin labarin ke nan. Sauran yana cikin The Fall of Hyperion na 1990, inda aka ajiye tsarin ba da labari bi da bi. Nemi shi yanzu, tun sunayen ba su fice maka daga kai ba.