Wai Kafintocin Japan Ba Sa Buga Ƙusa?

Ka tambaye ni, bayan ka kalli wani bidiyo a wayarka, ko da gaske ne kafintocin Japan suna tayar da gini tun daga ginshiƙi har rufi babu ƙusa ko ɗaya, kuma ginin ya haura shekara dubu yana tsaye. Ka ƙara da cewa in haka ne me ya hana mu ma mu yi, mu huta da sayen ƙusa. To ɗana, ajiye wayar ka saurara, don rabin maganar ne kawai gaskiya, kuma rabin da masu bidiyo ke barowa shi ne ya shafi hannunka.

Ginin da ake yawan nunawa shi ne Horyu-ji, wani wurin bautar mabiya addinin Buda da ke kusa da birnin Nara. An kafa shi a shekarar 607, gobara ta cinye shi a 670, aka sake gina shi, kuma wanda aka sake ɗin ne ke tsaye har yau. Babu ginin katako a duniya da ya girme shi. A cikinsa akwai hasumiya mai hawa biyar, tsayinta ya kai mita 32, kuma da masana suka ƙirga zoben shekarun itacen da ke tsakiyarta sai suka gano an sare shi a shekarar 594. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai ƙusa a Horyu-ji. Ƙusar maƙera ce, mai kusurwa huɗu, wadda ake bugawa ɗaya bayan ɗaya a kan uwar maƙera, kuma da ita aka kafe raftoci da allunan rufi. Inda babu ƙusa shi ne ƙashin ginin, wato ginshiƙai da manyan gungumen da ke ɗauke da nauyi. Nan itace ne ke riƙe da itace. Dalilinsu kuwa ba alfahari ba ne. Ƙasarsu akwai ruwan sama da laima sosai, ƙarfen da ke cikin babban haɗi yana tsatsa ya ci itacen da ke kewaye da shi. Bayan wannan, haɗin da aka buga wa ƙusa ba ya kwancuwa sai an fasa shi, su kuwa tun ranar da suka fara gini suna lissafin ranar da jikokinsu za su kwance shi.

Wannan kwancewar ita ce asirin, ba rashin ƙusa ba. Horyu-ji bai kai yau don itacensa ba ya ruɓewa ba. Yana ruɓewa mana. Abin da ake yi shi ne, in ƙarni ya ja, sai a sauke ginin gungume bayan gungume, a sa wa kowanne alama, a cire wanda ya lalace, a mayar da mai lafiya mazauninsa. Babban gyara na baya-bayan nan an fara shi a 1934, ba a gama ba sai 1985. Shekara hamsin da ɗoriya ana gyara wuri ɗaya. Akwai kafintocin da suka shiga aikin suna samari suka fita da furfura.

Bari in nuna maka haɗi ɗaya, wanda suke kira kanawa-tsugi, ka ga yadda tunanin yake. A ce gindin ginshiƙi ya ruɓe, sama kuwa lafiya lau. Ba sa cire ginshiƙin duka. Sai su ɗaga ginin kaɗan, su yanke ruɓaɓɓen gindin, su kawo sabon itace. Bakin tsohon da bakin sabon ana yanka su iri ɗaya sak: yanka a karkace mai tsawo, da ɗan tsani a tsakiya, da ɗan harshe a kowane ƙarshe wanda zai shige ramin ɗan'uwansa. In ka haɗa su za ka ga sun zauna amma da sauran sako-sako, kuma a daidai tsakiya akwai ɗan rami mai kusurwa huɗu da ya rage. Cikin ramin nan ake buga weji na itace mai tauri. Yana shiga yana tura ɗaya sama ɗaya ƙasa, harsunan nan biyu su shige ramukansu su kulle. Daga nan ba ya ja, ba ya murɗewa, ba ya zamewa gefe. Ranar da aka so kwancewa, a buge wejin ya fita, itatuwan su rabu ba tare da ko tsaga ba. Ka lura fa, in yankanka ya kauce da kaurin farce, wejin ba zai matse komai ba, aikin ya tashi a banza. Ƙusa tana rufa wa kafinta asiri, wannan haɗin kuwa tona shi yake yi.

Suna da wata dabara kafin su shigar da namiji cikin mace, wato bakin itacen da aka fere cikin ramin da aka fasa masa. Sai su bi jikin namijin da guduma mai ɗan tudu a fuska, su daddanna shi a hankali har ya ɗan matse. In ya shiga ya sha laimar iska, sai ya kumbura ya koma yadda yake, ya cika ramin tam. Wannan kam kana iya gwadawa ko yau.

Ginshiƙin kansa a manyan wuraren bautarsu ba a binne shi a ƙasa. A kan dutse yake zaune, kuma sau da yawa ba a daddale dutsen ba, yadda Allah ya yi shi da tudu da kwari. Kafinta ne zai ɗauki siffar kan dutsen ya mayar a gindin itacen, ya sassaƙe, ya ɗora, ya ɗaga ya duba inda ya taɓa, ya ƙara sassaƙa, har su zauna kamar tare aka halicce su. Amfanin biyu ne: gindin ya yi nesa da damshin ƙasa, sannan in ƙasa ta girgiza ginin yana iya ɗan motsawa a kan duwatsun maimakon ya karye. Tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi kuma suna fasa rami su zura doguwar sanda ta ratsa su, su matse da weji ta kowane gefe. Wannan salon ya yaɗu ne bayan da aka ƙone wurin bautar Todai-ji da ke Nara a yaƙin 1180, wani malamin addininsu mai suna Chogen ya jagoranci sake gina shi da dabarun da aka samo daga ƙasar Sin. Babbar ƙofarsa ta kudu, wadda aka gama a 1199, tana nan. Dandamalin wurin bautar Kiyomizu-dera da ke Kyoto, na shekarar 1633, wanda ya leƙo daga jikin tsauni da tsayin wajen mita 13, da irin wannan ratsawar aka ɗaure shi. In girgiza ta zo, itacen yana ɗan lotsawa a bakin ramin ya shanye ƙarfin, bayan ta lafa a bi wejin a ƙara bugawa.

Hasumiyar Horyu-ji mai hawa biyar ita ce ta fi ba ni mamaki. Dogon itacen da ke tsakiyarta ba shi ne ke ɗauke da benayen ba. Kowane hawa zaune yake a kan na ƙasa da shi, shi kuwa itacen tsakiya yana tsaye shi kaɗai, abin da ke kansa shi ne adon ƙarfen da ke ƙololuwa. Injiniyoyi har yau suna muhawara kan irin rawar da yake takawa lokacin girgizar ƙasa, amma abin da aka shaida shi ne irin waɗannan hasumiyoyi gobara da tsawa da guguwa ne suka fi kayar da su, ba girgiza ba. Ta wurin bautar To-ji a Kyoto, mai mita 55, sau huɗu tana ƙonewa kafin wadda ke tsaye yanzu ta 1644. A garin Nikko kuma akwai wadda aka gina a 1818, itacen tsakiyarta rataye yake da sarƙa daga hawa na huɗu, gindinsa bai taɓa dutsen ƙasa ba. Ka san dalili? Itace yana tsukewa ta faɗinsa, ba ya tsukewa ta tsayinsa. Benayen da aka jera gungume kan gungume a kwance za su yi ta sauka da shekaru, dogon itacen kuwa yana nan yadda yake, wata rana sai ya tokare rufin ya ɗaga shi. Sai suka rataye shi ya riƙa sauka tare da ginin. Wannan ilimin ne nake maka faɗa a kansa kullum in kana haɗa allon ƙofa ka matse shi ba ka bar masa wurin numfashi ba.

Yanzu ga abin da ya hana mu yi, kuma ba lalaci ba ne. Na farko itace. Su suna aiki da hinoki, itace mai miƙaƙƙen zare, mai ƙamshi, wanda ƙwari ba sa so. Kafin babban zarto na tsaga gungume ya shigo musu wajen ƙarni na 15, da weji suke tsaga itace ya bi zarensa, shi ya sa sai mai miƙaƙƙen zare yake musu amfani. Akwai wani shugaban kafintoci, Nishioka Tsunekazu, an haife shi 1908 ya rasu 1995, gidansu sun gaji aikin Horyu-ji. Cikin koyarwar da ya gada akwai cewa mai babban gini ya je ya ga tsaunin da itacen ya tsiro kafin ya saya, kuma itacen da ya girma yana fuskantar kudu a sa shi a kudancin gini. Wanda iska ta murɗa zuwa dama a haɗa shi da wanda ta murɗa zuwa hagu, su riƙe juna. Da aka ba shi aikin sake gina babban zauren wurin bautar Yakushi-ji, wanda aka gama a 1976, sai da aka je Taiwan neman hinoki, don manyan da ake bukata sun yi ƙaranci a Japan. Kai kuma fa? Ka je kasuwar katako an ba ka malaina ko afara da aka tsaga makon jiya, in ka buga ƙusa ruwa na fitowa. Yanka kanawa-tsugi a jikin wannan, hunturu na zuwa zai bushe ya tsuke, haɗin ya yi baki. Mai aiki kuma yana tsaye a kanka yana son ƙofarsa jibi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu kaifi. Zartonsu da filen ɗinsu jawowa ake yi, ba turawa ba kamar namu, shi ya sa bakin zarton yake da siriri, yankansa kuma tsaf. Itacen da suka share ba ya bukatar samfefa ko fenti, don kaifin ya yanke zaren ne bai yage shi ba, ruwa ma zamewa yake yi a kai. Yaron da ya shiga koyo wurinsu yakan daɗe yana shara da wasa ƙarfe a kan dutse kafin a bar shi ya taɓa itacen gini. Layi kuma ba da fensir mai kauri ba: zare suke jiƙawa da tawada su ja su sake, sannan su yi alama da tsinken gora da aka fere bakinsa. Shugaban aiki ne ke yin alamar, sauran su yanka.

Kada kuma ka ɗauka duk Japan haka ake gini yau. Girgizar ƙasar Kobe ta 1995 ta kashe mutum fiye da 6,000, kuma da yawa tsofaffin gidajen katako masu nauyin rufin yumɓu ne suka rufta musu. Bayan nan an tsaurara dokar gini, gidan katako na yau cike yake da ƙarafan ɗauri da noti, haɗin ma inji ne ke yanka shi a masana'anta. Masu aikin hannu na wuraren bauta 'yan kaɗan ne, har UNESCO ta sa sana'arsu cikin abubuwan gadon da ake karewa a 2020. Wurin bautar Ise ma, na addinin Shinto, wata hanya daban suka bi. Can ginshiƙan a ƙasa ake binne su, rufin na ciyawa ne, don haka duk shekara 20 sai a gina sabo a filin da ke gefe, a sauke tsohon. An fara a 690, na 62 ya kasance a 2013, na gaba 2033. Yaƙe-yaƙe sun taɓa tsayar da shi fiye da shekara ɗari, aka dawo aka ci gaba. Ni a ganina ribar wannan ba ginin ba ne, mutanen ne: kafinta ya yi na farko yana yaro, na biyu yana gwani, na uku yana bayar da umarni, ilimin bai taɓa kwana a takarda kaɗai ba. Manyan ginshiƙan da aka sauke kuma ba a yar da su, ana sake fere su a yi ƙofofin gadar shiga wurin da su.

Saboda haka ƙusa za mu ci gaba da saye, rufin kwano da silin ba sa bukatar wani abu da ya wuce ta. Inda nake so ka daina dogara da ita shi ne ƙafar tebur, firam ɗin ƙofa da gado, wuraren da ake jijjigawa kullum har ƙusa ta yi wa kanta rami. Gobe in ka zo, akwai guntayen maɗaci a bayan shago da suka shekara suna bushewa. Ɗauki biyu. Fara wasa cizal ɗinka har ya aske gashin hannu, sannan ka fasa rami a ɗaya, ka fitar da namiji a ɗayan, kaurinsa kashi ɗaya cikin uku na kaurin itacen. Ka yi layin da wuƙa, ka yanka ta gefen da za a zubar. Ba gam, ba ƙusa. Ya shiga da bugu uku ko huɗu na gudumar itace, kuma in na ɗaga ɗaya, ɗayan ya biyo shi. In ya shiga da hannu kawai ya yi sako-sako, in ya tsaga macen ya yi ƙiba. Sai ka kawo mini irin wannan guda goma a jere, sannan in zana maka kanawa-tsugi a kan allo.