Amsa: Me ya sa ɗigon ya ƙi ƙanƙancewa bayan an ƙara gudun famfo?

Wa'alaikumus salam ƙanina. Ka ce kana yin ƙananan ɗigo a na'urar siraran magudanai (maikirofuluwidiks), kana tura ruwa cikin mai ta mahaɗa mai siffar T, faɗin magudanar maikiromita 200, ka ninka gudun famfunan sirinji biyun, na ruwa da na mai, amma ɗigon na nan zaƙo-zaƙo yadda yake. Famfonka lafiyarsa lau. Magudanar ce ta yanke maka girman.

Idan gudu bai yi ƙarfi ba, ruwan da ke shigowa ta gefe yakan toshe babbar hanyar, man ya taru a baya yana matsarsa har wuyan ɗigon ya tsinke. Abin da masanin kimiyya Garstecki da abokan aikinsa suka nuna ke nan a 2006: a wannan yanayi tsawon ɗigo yana bin faɗin magudana ne da rabon gudun ruwa a kan na mai. Ka ninka biyun tare, rabon bai canza ba, to ta yaya ɗigo zai canza? Rage ruwan, ƙara man kaɗai. Ko da hakan, da wuya ya gaza faɗin hanyar sai jan man ya rinjayi ƙarfin da ke riƙe fatar ɗigon, wato lambar kafilari ta haura wajen 0.01.

In ɗigon maikiromita 50 kake nema, sake zanen mahaɗar. Ni na fi son wanda ruwa ke bin tsakiya, mai na shigowa ta dama da hagu, duka su matsu ta ɗan maƙogwaro, irin wanda masu bincike Anna da Bontoux da Stone suka wallafa a 2003. Faɗin maƙogwaron ne ke mulki a nan. Amma in ka cika wa famfo hannu, ruwan zai miƙe kamar zare ya je can gaba yana tsinkewa, manya da ƙanana a cakuɗe. Zurfin magudanar ma ka auna shi, ɗalibai da yawa faɗi kawai suke dubawa.

Sai batun bangon magudanar. PDMS, robar silikon da ake yin magudanar da ita, ba ya shiri da ruwa, shi ya sa ɗigon ruwa cikin mai ke fita tsaf, musamman da ɗan Span 80 a man, sinadarin da ke hana ɗigo haɗewa. Ranar da ka juya kana son ɗigon mai cikin ruwa, man zai manne wa bango yana rarrafe. Gogewar filasma, wato buga wa bangon iskar gas mai cajin lantarki, na gyara wannan, amma ba ta daɗewa. Gilashi ya fi.

Mu da muka yi aikin a nan Samaru, ƙurar hunturu ta fi komai ba mu wahala. Ƙwaya ɗaya ta maƙale a maƙogwaro, sai ka ga ɗigo na fitowa a karkace a madubin ƙara girma. Tace komai da matatar sirinji ta maikiromita 0.45, ka rufe bakin tiyo da zarar ka cire. Kuma ka riƙa rubuta zafin ɗaki, don man da ka auna a sanyin Janairu kaurinsa zai ragu a zafin Afrilu, girman ɗigon ma ba zai zo ɗaya ba.

Turo hoton mahaɗar lokacin da wuyan ke tsinkewa, da gudun kowane famfo, mu ga yanayin da kake ciki.