Musayar giya ta gidan waya a Amurka: ina doka ta tsaya?

Tambaya: Barista, ranka ya daɗe. Ni ɗan Jos ne, ina aiki a Kalifoniya da katin zama, ban zama ɗan ƙasa ba tukuna. Ina cikin masu sha'awar giyar ƙananan masana'antu, irin wadda ba a samun ta sai a yankin da ake dafa ta. Ina aika wa wani a jihar Vermont giyar Pliny the Elder, shi kuma ya aiko min giyar Heady Topper. Ko kwabo ba ya shiga tsakaninmu, kaya ne da kaya, dala da dala muke daidaitawa. Abokai sun ce in rubuta "samfurin yis" a jikin kwali. Akwai laifi a wannan?

Amsa: Ɗan'uwa, doka ka tambaya, a kanta zan tsaya. Akwai laifi, kuma mafi girmansa yana gidan waya.

Dokar tarayya, kundi na 18, sashe na 1716, ta haramta sa kowace irin barasa a gidan wayar gwamnati, wato USPS. Ba ta ware kyauta ba, ba ta ware gwangwani ɗaya ba. Wanda ya aika da saninsa yana iya fuskantar tara, ko ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba, ko duka biyun. Idan ta nan kake aikawa, ka daina daga yau.

FedEx da UPS fa? A nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. Su kamfanoni ne masu zaman kansu, sashen can bai shafe su ba, amma ƙa'idarsu ita ce ba sa karɓar barasa sai daga mai lasisi da ya sa hannu a yarjejeniya da su, kuma sai baligi ya sa hannu a wajen karɓa. Kai ba ka da lasisi. Gwangwani ɗaya ya fashe a hanya, kwali ya jiƙe, warin ya tashi, za su buɗe, su zubar da kayan, babu diyya, wataƙila su rufe asusunka. Shawarar "samfurin yis" kuwa ita ta fi damuna. Rubutun ba ya kare ka, shaida ce da hannunka cewa ka san abin da ke ciki ka ɓoye. Lauyan da zai tsaya maka gobe, wannan rubutun zai fara ɗaure masa hannu.

Sai dokar jihohi. Tun 1933 da gyara na 21 ga tsarin mulki ya soke haramcin barasa, aka bar wa kowace jiha ikon tsara shigowarta da sayar da ita. Kai da ka taso a Jos ka san kwalbar da ake sayarwa a fili a Filato za ta iya haɗa mutum da Hisbah a Kano. To haka abin yake tsakanin Kalifoniya da Utah, har ma akwai gundumomi a Kentucky da Arkansas da ba a sayar da barasa sam. Kwalinka yana ƙarƙashin dokar inda ya tashi da ta inda zai sauka.

Ka ce kuɗi ba ya shiga tsakaninku. Kada ka jingina da wannan. Dokar Kalifoniya ta ɗauki duk wata mu'amala da aka miƙa barasa a karɓi wani abu a madadinta a matsayin sayarwa, kuma jihohi da dama sun ambaci ba-ni-in-ba-ka ƙarara. Yadda kuke lissafin dala da dala shi kansa yana nuna ciniki ne. Sayarwa ba lasisi laifi ne. Ga kuma batun shekaru: wanda ka sani ta intanet kawai, me ya tabbatar maka ya kai shekara 21 da doka ta gindaya kafin a sayar wa mutum barasa?

Gaskiya ba kasafai ake gurfanar da mai musayar gwangwani shida a kotu ba. Amma abokanka 'yan ƙasa ne, tara za su biya su wuce. Kai ranar da za ka cike takardar neman zama ɗan ƙasa, N-400, za a tambaye ka ko an taɓa kama ka ko an tuhume ka, kuma ana duba halinka na shekarun baya. Giya ba ta kai a jefa wannan cikin haɗari ba.

Hanyoyin da suka fi tsafta suna nan. Ku haɗu ido da ido, kowa ya zo da nasa a sha tare, ko ka ba da kyauta ta gaske ga wanda ka tabbatar da shekarunsa. In tafiya ta kama ka, hukumar jiragen sama ba ta ƙayyade yawan barasar da ƙarfinta bai wuce kashi 24 cikin 100 ba a jakar da ake aunawa, sai dai ka duba iyakar jihar da za ka sauka. Akwai kuma shaguna masu lasisin aikawa zuwa wasu jihohi. Ka saya a can su aika da sunansu.

Idan har an riga an riƙe maka kwali, ko wasiƙa ta zo daga masu binciken gidan waya, kada ka kira su ka yi bayani, kada kuma ka goge saƙonninka. Ka nemi lauya mai lasisi a Kalifoniya wanda ya san shari'ar laifi da ta shige da fice, ka kai masa wasiƙar da rasit ɗin aikawa kafin ka furta komai.