Gajeren faifai ba ragowar tuwo ba ne

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙungiyar da ta fitar da gajeren faifai, wanda ake kira EP, ragowar waƙoƙinta kawai take tattarawa ta sayar wa masoya. Da ni ma haka na ɗauka, sai wani kaset ya ƙaryata ni.

Wajen 1995 ne, ina ɗalibi a Zariya, abokin ɗakina ya shigo da kaset ɗin Alice in Chains, 'yan rok na Siyatil a Amurka. Sunan faifan Jar of Flies, wato kwalbar ƙudaje. Na san su tun kundinsu Dirt na 1992, jita tana gurnani kamar injin markaɗe, mawaƙinsu Layne Staley yana tsage maƙogwaro. Da muka danna wannan sai ga jitar da ba ta lantarki ba, ga gogen Turawa, muryoyi biyu suna tafiya tare a hankali. Na ce masa mai kaset ya cuce ka, ba su ba ne. Kafin mako ya zagayo, ni ne mai juya kaset ɗin da bairo don batirin rediyo ya huta, ina maido da waƙar "Nutshell".

Yadda aka yi shi ma abin ji ne. Sun dawo daga yawon wasanni a 1993 a gajiye, suka tarar an kore su daga gidan haya saboda ba a biya ba, suka tare a situdiyon London Bridge da ke Siyatil, da sabon mai jitar bas, Mike Inez. Cikin mako guda suka gama waƙoƙi bakwai. Ba su shiga da niyyar kasuwa ba, shi ya sa suka yi abin da babban kundi ba zai ba su sarari ba. Sunan kuwa daga wani gwaji ne da mai jitarsu Jerry Cantrell ya yi a firamare: ƙudajen da aka cika wa abinci a kwalba suka hayayyafa har cunkoso ya kashe su, waɗanda aka ƙwara suka rayu.

Da ya fito a Janairun 1994, kai tsaye ya hau lamba ɗaya a Billboard 200, jadawalin faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka, kuma shi ne EP na farko da ya taɓa yin haka. Da suka yi wasan MTV Unplugged a 1996, shirin talabijin da ake kiɗa da jitar da ba ta lantarki ba, da "Nutshell" suka buɗe.

Ban ce babu masu haɗa tarkace su kira shi EP ba, akwai su birjik. Ni dai abin da nake saurara shi ne ko waƙoƙin sun yi kama da 'yan ɗaki ɗaya.

Kaset ɗinmu kwafi ne, gefe ɗaya minti talatin, faifan kuma ya ɗara haka kaɗan, don haka waƙar ƙarshe a yanke take. Sai da intanet ta zo na ji yadda waƙar, "Swing on This", ke ƙarewa.