Ku Tambaye Mu: Na Sayi Sandar Fatsa Mai Tsada, Amma Kifi Ya Ƙi Ni

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne da ya yi ritaya a bara, ina zaune a unguwar Talladje a nan Yamai. Da zaman gida ya ishe ni sai na yi sha'awar koyon fatsa, na sayi sanda mai na'urar naɗe zare, wadda mai shago ya kira muline, da zare mai kauri da manyan ƙugiyoyi da kifayen roba guda uku, duka a kan jaka 35. Na je bakin kogi ta wajen Gamkalle sau shida, daga hantsi zuwa azahar, ban kama ko ɗaya ba, zaren ya sarƙe mini sau da yawa, kifayen roba biyu kuma sun maƙale a cikin duwatsu. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, yaran da ke kusa da ni da sandar gora suna cika bokiti da karfasa. Shin kayan ne ba su da kyau, in sake sayen wasu, ko kuwa akwai wani sirri da ban sani ba?

Mai karatu daga Talladje, Yamai

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya sa albarka a hutun da aka samu. Kada ka sake sayen komai tukuna, domin bisa ga abin da ka bayyana kayanka lafiyarsu lau, sai dai kayan wani kifi ne dabam da wanda ke gabanka. Zare mai kauri da babbar ƙugiya da kifin roba na farautar giwan ruwa ne da tsage, wato kifayen da ke cin ƴan'uwansu, kuma manyansu sun fi zama a wurare masu zurfi da igiyar ruwa, inda yawanci sai da kwalekwale ake isa. Kifin da ke yawo a gefen kogi inda ka tsaya karfasa ce da kawara da ƙananan ƙurungu, kuma bakin karfasa ƙarami ne, abincinta kuwa gansakuka da ƙananan halittun ruwa. Ƙugiyar da ka jefa mata ba za ta shiga bakinta ba ko da ta so.

Ga abin da masu shago ba su cika faɗa wa sabon shiga ba: lambar ƙugiya a juye take, wato yadda lamba ke ƙaruwa haka ƙugiya ke ƙanƙancewa. Lamba 10 ko 12 ita ce ta karfasa da kawara, lamba 4 zuwa 6 ta tarwaɗa matsakaiciya, lamba 1 da ƙugiyoyin da suka fi ta girman jiki kuwa sai manyan kifaye. Haka zare ma, ana rubuta kaurinsa a jikin ƙunshinsa, kuma milimita 0.20 zuwa 0.25 ya ishe ka ga karfasa, 0.35 zuwa 0.40 ga tarwaɗa. Siririn zare ba ya tsorata kifi idan ruwa ya kwanta ya yi garau, yana kuma nuna maka taɓin kifi da wuri. Kaurin zaren nan ne ma nake zargi da sarƙewar da ta dame ka, saboda zaren roba mai kauri yana riƙe lanƙwasar naɗinsa, ya riƙa zubowa zobe-zobe daga kan na'urar, musamman idan an cika ta har baki. Ka bar kamar milimita 2 tsakanin zaren da bakin na'urar, ka kuma riƙa naɗe shi da ɗan tauri tsakanin yatsunka biyu. Ranar Yamai ma maƙiyiyar zaren roba ce, wanda ya daɗe a rana yakan yi rauni ya tsinke ba gargaɗi, don haka a ajiye shi a inuwa.

Da ni ne kai, da na jingine muline na wata ɗaya na yi irin ta yaran nan. Sandar gora mai tsawon mita 3 zuwa 4, da zare daidai tsawonta, da ƙaramar ƙugiya, da ɗan ɗigon dalma a ɗaure kamar taƙi ɗaya sama da ƙugiyar, da guntun totuwar kara ko murfin kwalba na toshiya wanda zai yi iyo ya zama idonka a kan ruwa. Wannan ɗan guntun shi ne zai koya maka abin da babu mai iya koya maka da baki. Idan yana rawa kaɗan-kaɗan, ƙananan kifaye ne ke tsattsagar abincin, ka yi haƙuri. Idan ya nutse gaba ɗaya, ko ya kama tafiya gefe guda, to a lokacin ne za ka ɗaga sanda da wuyan hannu, ɗagawa mai sauri amma gajera. Yawancin sababbi suna fizga da dukkan ƙarfinsu, su yage leɓen kifin ko su jefa ƙugiya cikin rigar maƙwabci. Ni kaina sai da na rataye hulata a kan wata bishiya a Saga kafin hannuna ya faɗa.

Zurfi shi ne abin da ya fi raba mai kamawa da mai kallo, kuma ba ka ambace shi a wasiƙarka ba, wanda ya sa nake jin ba ka taɓa auna shi ba. Kafin ka sa abinci a ƙugiya, ka maƙala mata dalma mai ɗan nauyi ka jefa, ka riƙa matsar da totuwar sama ko ƙasa har ka gane inda ƙasan ruwa yake. Tarwaɗa da ƙurungu a ƙasa suke kiwo, suna laluben abinci da gashin bakinsu, saboda haka abincinsu ya kwanta a kan laka. Karfasa kuwa a ɗaga mata shi sama da ƙasa kaɗan, kusa da ciyawa ko gefen kainuwa. Idan minti 20 ya wuce babu taɓi, ka canja zurfi kafin ka canja wuri.

Game da abincin ƙugiya, tana, wato tsutsar ƙasa, ita ce uwar tafiya, kusan babu kifin kogin Isa da ke ƙin ta, kuma za ka same ta a ƙasa mai laima a lambunan bakin kogi. Ka zura ta yadda za ta rufe ƙugiyar, ka bar ɗan wutsiyarta yana motsi. Gara da fara ma suna aiki, ƙullun garin gero ko burodi da aka murje yana jan karfasa, tarwaɗa kuma tana son abu mai ƙarni kamar hanjin kaza. Ka tafi da dusa da ka cuɗa da laka, ka jefa dunƙule biyu ko uku a wurin da za ka zauna, domin ta tara maka kifi a gabanka.

Sai kuma lokacin da ka zaɓa, wanda shi ne mafi muni a yini. Daga hantsi zuwa azahar rana tana dukan ruwa, kifi yana komawa zurfi da inuwa. Ka fita bayan sallar asuba ka zauna har rana ta ɗaga, ko ka je bayan la'asar zuwa dab da magariba, tarwaɗa ma ta fi ci da duhu. Kogin kansa yana da kalandarsa, domin sau biyu yake cika a Yamai. A watan Agusta da Satumba ruwan damina ne ke shigowa daga rafukan Sirba da Dargol da Gorouol, ja wur da laka, mai ƙarfi da haɗari, kuma irinsa ne ya fasa madatsai ya cinye unguwanni a shekarar 2020. A irin wannan ruwa kifin roba ba shi da amfani, tunda kifi ba ya ganin sa, sai abinci mai wari. Cika ta biyu ruwan ƙasar Gini ne, wanda ke shafe watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso mana a tsakiyar sanyi, wajen Disamba da Janairu, ya tace ya yi duhu. Daga nan ruwa ke janyewa har zuwa Mayu da Yuni, duwatsu su fito, kifi ya taru a gurabe masu zurfi. Wannan janyewar ce lokacin da ya fi dacewa da mai koyo, kuma a nan ne sandarka mai tsada za ta yi ranarta, idan ka samu masunci ya kai ka gurbin giwan ruwa. Idan tsage kake nema, ka sa guntun siririyar waya tsakanin zare da ƙugiya, domin haƙoransa suna yanke zaren roba kamar reza.

Akwai abubuwan da ba zan so ka koya ta hanyar jin ciwo ba. Ƙurungu yana da ƙayoyi uku masu tsini, ɗaya a baya biyu a gefe, yana kuma kafe su idan an kama shi, don haka a riƙe shi ta bayan ƙayoyin da tsumma. Tarwaɗa ma tana da ƙaya a gefenta. Idan ka ciro wani kifi mai taushi, mai kumburarren jiki da ɗige-ɗige, kada ka taɓa shi da hannu, minjirya ce, kuma lantarkinta yana iya jefar da babban mutum. Kada ka tsaya cikin ruwan da ba ya gudu a gefen gonakin shinkafa, domin nan ne matattarar dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. Dorina kuma tana zuwa har kusa da gari, idan masunta suka ce tana wuri kaza, to maganarsu ita ce hukunci.

Wannan ya kawo ni ga masuntan kansu. Sorkawa da Hausawan da suka gaji su a wannan kogi sun san kowane dutse da kowane gurbi, kuma suna da taru da mamari, wato dogon zare mai ƙugiyoyi da yawa, a shimfiɗe a wuraren da idonka ba zai gani ba. Ka fara da gaisuwa, ka nemi sarkin ruwan wurin ka gabatar da kanka, ka tambayi inda za ka jefa fatsa ba tare da ka sarƙe kayan wani ba. Dattijo irinka da ya zo da ladabi ba a hana shi ilimi. Ka kuma leƙa ofishin ma'aikatan ruwa da gandun daji a kan maganar takardar izini, domin su ne ke kula da dokar su, wadda ta haramta kamun kifi da guba ko abin fashewa.

TAMBAYA

Ni ɗalibi ne a Tahoua, ba mu da kogi. Ko wanda yake nan zai iya koyon fatsa?

Mai karatu daga Tahoua

AMSA

Ƙwarai kuwa, ɗana. Tabkin Tabalak yana kan hanyar Agadas, kimanin kilomita 50 daga Tahoua, kuma tun shekarar 2005 yana cikin jerin dausayin duniya da yarjejeniyar Ramsar ke karewa. Akwai karfasa da tarwaɗa a cikinsa, kuma duk abin da na faɗa wa Malam na Talladje ya shafe ka, sai dai ruwan tabki ba ya gudu, saboda haka dalma kaɗan ta ishe ka, dusar da ka jefa kuma za ta zauna inda ka sa ta. Mutanen garin da wannan kifi suke ci da iyalinsu, don haka ka nemi izinin shugabannin masunta kafin ka jefa ƙugiya, ka kuma mayar da duk ƙaramin kifin da bai kai tafin hannunka ba. Ƙasan tabkin laka ce mai riƙe ƙafa, ka tsaya a tudu, kuma kada ka tafi kai kaɗai.